William Higinbotham

William Alfred Higinbotham (an haife shi a watan Oktoba 1910, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1994) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan ƙasar Amurka. Yana cikin masanan da suka yi aikin ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Los Alamos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Tarayyar Masana Kimiyya ta Amurka, ƙungiyar da ta tashi tsaye wajen ganin an taƙaita yaɗuwar wannan makami. A shekarar 1958 ya ƙirƙiri wani wasa mai suna Tennis for Two a kan ƙaramin allon na'urar awo, wanda ake lissafawa cikin wasannin bidiyo na farko a duniya. Yawancin mutane ta wannan wasa suka san shi, alhali shi kansa bai ɗauke shi a bakin komai ba idan aka kwatanta da aikin da ya shafe kusan shekara 50 yana yi a kan makaman nukiliya. Abokan aikinsa sun fi kiransa da Willy.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Higinbotham a garin Bridgeport da ke jihar Connecticut, ya kuma tashi a wani ƙaramin gari mai suna Caledonia a jihar New York. Mahaifinsa limamin coci ne na ɗarikar Presbyterian. Ya yi digirinsa na farko a kwalejin Williams, ya gama a 1932, wato a tsakiyar lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aiki ya yi wuya. Daga nan ya wuce jami'ar Cornell don ƙarin karatu a fannin fiziks. Bai kammala digirin digirgir ba. A maimakon haka ya zama ma'aikacin na'urori a sashen fiziks na jami'ar, inda ya ƙware wajen harhaɗa kayan lantarki, a zamanin da ba a san taransista ba, komai da kwalaben gilashi masu zafi ake yin sa. Wannan ƙwarewa ta hannu ita ta buɗe masa duk ƙofofin da ya shiga daga baya.

A 1941 ya koma ɗakin binciken rada da aka buɗe a cibiyar fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT. Aikinsa a can shi ne ƙera allunan da ke nuna abin da rada ta hango, wato yadda za a mayar da siginar lantarki ta zama ɗigon haske mai motsi da idon ɗan Adam zai iya bi. Wasu manyan malaman Cornell, irin su Robert Bacher da Hans Bethe, su ma sun bi ta wannan ɗakin bincike kafin su wuce Los Alamos.

Los Alamos da gwajin Trinity

A 1943 aka ɗauke shi zuwa Los Alamos, wani ɓoyayyen sansani a kan tsaunukan jihar New Mexico, inda J. Robert Oppenheimer ke jagorantar masanan da ke ƙera bam a ƙarƙashin shirin Manhattan. Kafin yaƙin ya ƙare ya zama shugaban rukunin kayan lantarki na wurin.

Ana yawan mantawa da irin wannan rukuni idan ana ba da labarin bam ɗin, domin sunayen masu lissafi da alƙalami ne suka fi tashe. Amma abin da ke faruwa a cikin bam yana aukuwa ne cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, kuma a 1943 babu kantin da mutum zai shiga ya sayi na'urar da za ta auna irin wannan sauri. Dole a ƙera ta. Bam ɗin fulutoniyam ya fi kowanne wuya: ana kewaye ƙwallon ƙarfen da nakiyoyi, su tashi a wurare 32 a lokaci guda, su matse shi ta kowane ɓangare. Idan wani gefe ya riga wani, ko da da ɗan ƙanƙanin lokaci ne, bam ɗin ba zai tashi yadda ake so ba. Rukunin Higinbotham ya samar da na'urorin ƙidaya, da na ƙara ƙarfin sigina, da na auna lokaci, waɗanda sauran masana suka dogara da su wajen gane ko lissafinsu ya yi daidai. Akwai wani tsarin ƙidayar ƙwayoyin tururin nukiliya da aka riƙa kira da sunansa a ɗakunan bincike shekaru bayan yaƙin.

A sansanin an san shi da wani abu dabam kuma. Yana kaɗa akodiyon, shi ne kuma mai jagorantar raye-raye a tarukan dare na mazauna wurin, waɗanda aka killace da waya, ana bincika wasiƙunsu kafin su fita.

Ranar 16 ga Yuli 1945, da asuba, aka tayar da bam na farko a hamadar da ke kusa da Alamogordo, a gwajin da aka sa wa suna Trinity. Higinbotham yana cikin waɗanda suka gani da idonsu. Bayan mako uku aka jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, sannan a Nagasaki ranar 9 ga wata. Na Nagasaki irin wanda aka gwada a Trinity ne.

Gwagwarmayar hana yaɗuwar makaman nukiliya

Yaƙi na ƙarewa sai muhawara ta tashi a Amurka kan wanda zai riƙe ragamar harkar nukiliya. An gabatar wa majalisar dokoki wani ƙuduri mai suna May-Johnson, wanda masana da yawa suka ga zai bar lamarin a hannun sojoji tare da tsananin sirri. Matasan masana daga Los Alamos da Chicago da Oak Ridge suka kafa ƙungiyoyi, suka haɗe su a ƙarshen 1945 a ƙarƙashin inuwa guda, wadda ba da jimawa ba ta koma Tarayyar Masana Kimiyya ta Amurka. Higinbotham ne shugabanta na farko, daga baya ya riƙe muƙamin babban sakatarenta. Ya ajiye kayan aikinsa ya tare a birnin Washington, yana bin ofisoshin 'yan majalisa da 'yan jarida yana yi musu bayani.

Hujjar ƙungiyar ba ta da sarƙaƙiya. Babu wani sirri a ilimin bam da zai daɗe a hannun ƙasa ɗaya, babu kuma garkuwar da za ta tare shi idan an harbo, saboda haka mafita ita ce ƙasashen duniya su haɗu su sa ido a kansa. A cikin gida sun yi nasara: ƙudurin May-Johnson ya mutu, aka amince da na Sanata Brien McMahon, shugaba Harry Truman ya sa masa hannu ranar 1 ga Agusta 1946, aka kafa hukumar makamashin nukiliya ta farar hula. A waje kuwa abin bai yiwu ba. Shirin Baruch da Amurka ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946 ya ci tura saboda rashin yarda tsakaninta da Tarayyar Sobiyat, kuma a watan Agusta 1949 Sobiyat ta gwada nata bam ɗin. Hasashen masanan ya tabbata cikin shekara huɗu kacal.

Brookhaven da wasan Tennis for Two

A 1947 Higinbotham ya kama aiki a ɗakin bincike na ƙasa na Brookhaven da ke Upton a tsibirin Long Island, wanda aka kafa a wannan shekarar a kan tsohon barikin soja, domin binciken nukiliya na zaman lafiya. Daga 1951 zuwa 1968 shi ne shugaban sashen ƙera na'urori.

Kowace shekara Brookhaven kan buɗe ƙofa ga jama'a na 'yan kwanaki, ɗalibai da mazauna yankin su shigo su ga abin da ake yi. Akwai dalili: mutane na jin tsoron duk wani abu mai sunan nukiliya, hukuma kuma tana so ta kwantar musu da hankali. Sai dai abin da ake nuna musu yawanci hotuna ne da allunan bayani da na'urori marasa motsi. Higinbotham ya ga baƙi na gajiya. Ana shirin bikin 1958 sai ya duba littafin bayanin wata kwamfutar analog da sashensa ke da ita, ƙirar Donner Model 30. Littafin ya nuna yadda za a sa na'urar ta zana hanyar da harsashi ko makami mai linzami zai bi a sama, da yadda ƙwallo ke tsalle idan ta bugi ƙasa, har da lissafin turjiyar iska. Lissafin da ke faɗa wa soja inda makaminsa zai sauka shi ne dai wanda ke faɗin inda ƙwallo za ta faɗi. Daga nan tunanin wasan ya zo masa.

Ya zana tsarin cikin 'yan sa'o'i, wani ma'aikacin sashen mai suna Robert Dvorak ya harhaɗa shi cikin kimanin mako uku. An fara nuna shi ranar 18 ga Oktoba 1958. Allon wasan na'urar osiloskof ce mai faɗin inci 5, wato bai kai faɗin tafin hannu biyu ba. Ana ganin filin tanis daga gefe: dogon layi a kwance shi ne ƙasa, gajeren layi a tsaye a tsakiya shi ne raga, ƙwallon kuma ɗigon haske ne mai jan wutsiya. Kowane ɗan wasa yana riƙe da ƙaramin akwatin alminiyam mai maɓalli biyu, ɗaya na murɗawa don zaɓar kusurwar bugu, ɗaya na dannawa don buga ƙwallon. Ba a ganin 'yan wasa a allon, ba a ganin abin bugu, na'urar kuma ba ta ƙirga maki. Ƙwallon na iya dukan raga ta dawo, ko ta wuce fili. Ɗaruruwan mutane suka yi layi don su taɓa, musamman 'yan makarantar sakandare.

A 1959 aka sake fito da shi da allo mafi girma, aka ƙara masa damar sauya ƙarfin maganaɗisun ƙasa, mutum ya buga kamar yana kan wata ko a duniyar Jupita. Bayan bikin aka wargaza na'urar, aka yi wasu ayyuka da kayanta. Higinbotham bai nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan wasan ba, duk da yana da irin waɗannan takardu fiye da 20 a kan wasu na'urori. A ganinsa babu wani sabon abu a ciki da ya wuce abin da littafin kwamfutar ya riga ya nuna, kuma ko da ya nema, gwamnati ce za ta mallaka tunda a ɗakin bincikenta aka yi.

Shin shi ne wasan bidiyo na farko?

Amsar ta danganta da abin da mutum ke nufi da wasan bidiyo. Kafin 1958 an yi wasu: a 1947 Thomas Goldsmith da Estle Ray Mann sun nemi takardar mallaka a kan wata na'urar nishaɗi da ke kwaikwayon harba makami a allo irin na rada, a 1951 an nuna kwamfutar Nimrod a Landan tana buga wasan Nim, a 1952 kuma an rubuta OXO a jami'ar Cambridge. Na biyun nan na ƙarshe an yi su ne don nuna abin da kwamfuta ke iyawa ko don bincike. Abin da ya bambanta Tennis for Two shi ne motsi a allo nan take, da 'yan wasa biyu, da kuma cewa don nishaɗi kawai aka yi shi.

An manta da wasan kusan shekara 20. Shari'a ce ta tono shi. Kamfanin Magnavox, wanda ya fitar da na'urar Odyssey a 1972 bisa aikin Ralph Baer, ya riƙa maka kamfanonin wasanni a kotu kan haƙƙin mallaka, lauyoyin ɗaya ɓangaren kuma suka shiga neman duk wani wasa da ya riga na Baer. Aka kira Higinbotham ya ba da shaida, har a shari'ar da ta shafi Nintendo a shekarun 1980. Wannan bai rushe haƙƙin Baer ba, domin wasan Brookhaven bai yi amfani da siginar talabijin ba. A 1982 mujallar Creative Computing ta David Ahl, wanda shi ma ya buga wasan yana matashi, ta ba da labarinsa, daga nan sunan Higinbotham ya shiga tarihin wasanni.

Yaƙin nukiliya a wasannin zamaninsa

Lokacin da 'yan jarida suka fara neman Higinbotham a matsayin kakan wasannin bidiyo ya zo daidai da lokacin da wasannin suka juya ga abin da ya fi damunsa. A farkon shekarun 1980 zaman tankiya tsakanin Amurka da Sobiyat ya sake zafi, kuma a tsakiyar shekarun yawan kawunan makaman nukiliya a duniya ya haura 60,000. Ba shi da hannu a waɗannan wasanni, amma suna nuna yadda tsoron da shi da abokansa suka yi ta faɗakarwa a kai tun 1945 ya isa hannun yara a shagunan wasa.

Mafi shahara shi ne Missile Command na kamfanin Atari, wanda Dave Theurer ya tsara a 1980. Ɗan wasa yana kare birane shida daga makamai masu linzami da ke zubowa daga sama kamar zare, yana harba nasa daga sansani uku. Ba ya kai hari, kariya kawai yake yi, kuma harsasansa ƙidayayyu ne, saboda haka wani lokaci dole ya bar wani birni ya ƙone don ya ceci wani. Ba a cin wasan. Harin yana ƙara sauri har sai birni na ƙarshe ya faɗi, sannan wata babbar fashewa ta cika allon da kalmar da ke nufin ƙarshe. Da farko biranen na jihar California ne, irin su San Francisco da Los Angeles, kafin a cire sunayen. Theurer ya faɗa daga baya cewa ya daɗe yana mafarkin makaman suna faɗo wa garinsa. Wasan ya faɗi abin da masanan 1945 suka faɗa, cewa babu garkuwar da za ta tare komai, kuma ya faɗe shi shekara uku kafin shugaba Ronald Reagan ya sanar da shirinsa na kafa irin wannan garkuwa a watan Maris 1983.

Ba duka ne suka bi wannan hanya ba. Raid over Moscow na 1984 ya mayar da lamarin jarumtaka, matuƙin jirgi ya tare harin Sobiyat sannan ya kutsa har birnin Mosko, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har a majalisar dokokin Finland. A Ingila, Theatre Europe na 1985 ya sa wa ɗan wasa shinge kafin ya harba makamin nukiliya: sai ya buga wata lambar tarho ta gaske ya saurari saƙo kafin ya samu kalmar sirri. A wannan shekarar Chris Crawford ya fitar da Balance of Power, inda mutum ke riƙe da Amurka ko Sobiyat yana neman tasiri a ƙasashe ba tare da ya tsallake iyaka ba. Idan rikici ya kai ga yaƙi, wasan ya ƙare ke nan, baƙin allo ne kawai da 'yan layukan rubutu. Da gangan Crawford ya ƙi nuna hoton fashewar, don kada ta zama lada ga wanda ya gaza.

Wasan da ya fi kusa da rayuwar Higinbotham shi ne Trinity, na rubutu zalla, wanda Brian Moriarty ya rubuta wa kamfanin Infocom a 1986. Yana farawa a wani lambu a Landan daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Uku ke ɓarkewa, ya bi da ɗan wasa ta wuraren da aka taɓa tayar da bam, ya dire a hamadar New Mexico da asubahin 16 ga Yuli 1945. Daga baya hankalin masu tsara wasa ya koma kan abin da zai biyo bayan yaƙin. Wasteland na 1988 ya nuna kudu maso yammacin Amurka bayan gobarar, da tsirarun mutane a kufai, da tururi mai guba, da halittun da suka rikiɗe, kuma a kan wannan turba Fallout ya fito a 1997, shekara uku bayan rasuwar Higinbotham. A irin waɗannan wasanni yaƙin ya riga ya wuce, kufan ya zama filin yawo da neman abin kai, wanda hakan ya fi sauƙin sayarwa fiye da baƙin allon Crawford.

Aikinsa na ƙarshe da rasuwa

A 1968, shekarar da aka fara sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, Higinbotham ya bar shugabancin sashen na'urori ya koma wani sabon rukuni a Brookhaven da ya taimaka aka kafa, mai ba gwamnati shawara kan tsare sinadaran nukiliya. Aiki ne marar armashi ga mai kallo: awo, da ƙidaya, da hatimi, da duba littattafan ajiya, don a tabbatar yuraniyam ko fulutoniyam da aka ce na wutar lantarki ne bai zurare ya koma makami ba. Yarjejeniyar ba ta da amfani idan babu mai iya auna abin da ke cikin rumbu, kuma irin wannan awo ne masu binciken Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ke dogara da shi. Ya yi ritaya a 1984, amma ya ci gaba da zama editan fasaha na mujallar kula da sinadaran nukiliya, muƙamin da ya riƙe tun 1974.

Ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1994 a garin Gainesville da ke jihar Georgia, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 84. Ya bar 'ya'ya uku. Iyalinsa sun bayyana cewa burinsa shi ne a tuna da shi ta aikin hana yaɗuwar makaman nukiliya, ba ta wasan ba. Tarayyar Masana Kimiyya ta Amurka ta sa wa hedikwatarta sunansa, kuma har yau alƙalumanta na yawan makaman nukiliya a duniya suna cikin waɗanda aka fi dogara da su. Ma'aikatan Brookhaven sun sake harhaɗa Tennis for Two a 1997, suka kuma nuna shi a 2008 lokacin da ya cika shekara 50. A 2011 jami'ar Stony Brook, wadda ke maƙwabtaka da Brookhaven, ta buɗe wata taska ta nazarin tarihin wasannin bidiyo mai ɗauke da sunansa.